Mutumin da Ya Tafi da Awon Bakin 'Yarsa

Akwai wani mutum da ya daɗe a wata ƙasa mai nisa, sa'an nan ya komo garinsu. Ya tarar an sare tsamiyar ƙofar gida, an rufe majami'a da kwano, tsohuwar rijiya ta ƙafe. 'Yarsa Rahila kuwa, wadda ya bari tana riƙe da zanen uwarta, tsayinta ya kai ƙirjinsa.

Ita Rahila haka aka haife ta: gashinta kaɗan, jikinta ba ya zufa, haƙora biyu kacal suka fito mata. Kunu da fate ne abincinta, in za ta yi dariya sai ta rufe baki. Kafin uban ya tafi, likitan haƙori ya ɗauki awon bakinta da wani abu kamar yumɓu. Uban ya tafi da awon, ya ce sai ya samo mata haƙoran roba waɗanda babu irinsu.

Ga shi kuwa ya kawo su, farare fat. Ya durƙusa ya sa mata, suka ƙi zama. Ya danna. Yarinyar ta runtse ido, ta ƙi yin kuka don kada ransa ya ɓaci, har dasashinta ya yi jini.

Uwar ta riƙe hannunsa. "Baban Rahila, bari haka. Bakin da ka auna ba ya nan."

Suka je wurin likitan. Ya jujjuya haƙoran, ya ce, "Aikin ya yi kyau, amma na yarinyar da ka bari ne. Bakin yaro girma yake yi. A auna bana, a sake baɗi. Wa zai riƙa kawo ta?"

Mutumin kuwa zaman gida ya riga ya ishe shi. Sai ya ce, "A ba ni sabon awon."

Kashegari Rahila ta same shi yana naɗe awon a cikin riga, yana cusawa a jaka.

"Baba, in ka dawo za su yi mini?"

Bai ɗaga kai ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: awon nan shi ne sanin da muka yi wa namu tun dā, haƙoran kuwa alherin da muke kawo musu daga nesa. Da kyakkyawar zuciya muke dannawa, suna haƙuri, suna zubar da jini. Ubangijinmu bai aiko da ceto daga nesa ba. Zuwa ya yi, ya zauna tare da mu.

Mutumin nan yana ɗaure jakarsa, amma bai kai bakin ƙofa ba tukuna. Ɗan'uwana, kai ma ba ka kai ba.