Jan Zaren da Ya Zuba

An yi wani mutum, wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da ba a san guga ba sai da dutsen gawayi. Sunansa Mantau, sana'arsa wankin hula. Ya wanke, ya sa sitaci, ya shanya, ya goge. Kullum haka, kullum haka, har bayansa ya lanƙwashe.

Ku saurara, ba zan ja ku da nisa ba, ni ma muryata ta gaji.

Wata rana wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta zo tana lalube da sanda, ta miƙa masa farar hula mai adon jan zare. Ta ce, "Mantau, wannan ce ɗinkina na ƙarshe, a kanta idona ya ƙare. Ɗana na yi wa. Ka wanke min dattin hannu, ka goge."

To, ƙa'idar masu wanki, ba a jiƙa jan zare sai an gwada. A ɗiga ruwa a gefe, a danna farin ƙyalle, a ga ko zai zuba. Mantau ya san wannan sarai. Amma ranar huluna sun taru, gajiya ta ci ƙarfinsa, ya tsoma hular Iya cikin ruwa tare da sauran. Da ya ɗago, ja ya malale cikin fari. Ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa, bai fita ba.

Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Malam Mantau, goge ka ninke ka ba ta. Ai ba ta gani."

Mantau ya dubi hular. Wallahi sai da zuciyarsa ta so ta yarda.

Da tsohuwa ta dawo, ya durƙusa ya ce, "Iya, na ɓata miki aiki. Ban gwada zaren ba, ya zuba. Laifina ne."

Ta karɓi hular, ta daɗe tana bin ɗinkin da yatsa, hawaye na zuba. Can ta ce, "Ya yi min ciwo, ɗan nan. Amma tun da idona ya mutu, duk abin da na tambaya sai a ce min lafiya lau. Kai kaɗai ka ɗauke ni mutum. Na yafe."

Hula dai ba ta gyaru ba, jama'a. Amana ce ta tsira.

Na gaji da faɗa, amma zan ƙara. Kowannenmu yana da wanda ba ya ganin aikinsa: tsohuwar da kake auna wa hatsi, mai motar da bai san inji ba, maigidan da ya bar maka shago. Gaskiyar da ka yi don ana kallonka, tsoro ce kawai. Ka faɗi gaskiya ga wanda ba zai taɓa kama ka ba, domin Allah yana gani ko da Iya ba ta gani.