Gaɓa Huɗun Malam Badaru

Malam Badaru malamin Turanci ne a wata sakandare a Daura, kuma wallahi ban taɓa ganin mai girman kai irinsa ba. Shekara ashirin yana koyarwa, a ganinsa buɗe ƙamus abin kunya ne. Ya tsani Malama Zaituna, sabuwar malamar da aka turo daga Mai'adua, don kawai tana sa ɗalibai tafi suna ƙirga gaɓoɓin kalma.

"Makaranta ce nan ko gidan biki?" in ji shi kullum.

Sai aka zaɓi 'yarsa Firdausi ta wakilci makarantar a gasar furucin Turanci a Katsina. Wanda ya zo na ɗaya za a ɗauki nauyin karatunsa na jami'a, abin da Badaru ba shi da halin yi mata.

Cikin kalmomin da aka aiko a yi bita akwai wata da ba a cika ji ba, inveigle, wato yaudara da daɗin baki. Badaru ya raba ta gaɓa huɗu a allo. Zaituna, da ta shigo kallon bitar, ta matso a hankali.

"Malam, ai uku ce. Ga ƙamus."

"Ke! Kina rarrafe nake koyar da Turanci. Fice min daga aji, marar kunya!"

Bayan an tashi ya leƙa ƙamus ɗin a ɓoye. Uku ce. Ya wurga shi cikin durowa ya kulle. Ya gwammace 'yarsa ta tafi da kuskure da a ce Zaituna ta gyara shi. Ya ce a ransa, cikin kalma ɗari uku ba lalle wannan ta fito ba.

Ita ce kuwa ta fito, a zagayen ƙarshe. Firdausi ta dubi mahaifinta a layin gaba, Malama Zaituna na gefensa, sannan ta raba kalmar gida huɗu. Alƙalin gasa ya girgiza kai.

A motar komawa Daura Firdausi tana ta share hawaye da gefen hijabi.

"Baba, na san uku ce, Malama ta tafa mana ita. Amma kana zaune, ga ta kusa da kai. Ban iya ƙaryata ka ba."

Badaru ya kasa ɗaga kai har suka iso gida.

Darasi: wanda ya gane gaskiya ya danne ta don ƙiyayyar wanda ya faɗe ta, ba abokin gabarsa yake cuta ba. Wanda ya fi ganin girmansa shi ke kwana ciki. In an gyara maka, karɓa ka gode, ko daga wa ya fito.