Shekarar Koyon Aiki ta Delbert

Akwai wani bawan Allah a garinmu a nan Amurka, Delbert Pruitt, da ya kama aiki a kantin magani bayan an rufe masana'antar tayar da ya tsufa a cikinta. Aikin nan ne ya dawo masa da mutuncinsa, shi ya sa yake ji da shi.

Dokar jiharmu kuwa ba ta san wasa ba. Izinin koyon aiki na shekara guda ake ba mutum, ya riƙa taya mai harhaɗa magani. Kafin shekarar ta cika dole ya ci jarrabawar hukuma, in ba haka ba hannunsa ba ya ƙara taɓa kwalbar magani.

Delbert ya iya aiki, ba ƙarya. Sai dai da launi da mazauni ya san magani: farar nan ta saman kanta, mai ruwan hoda ta kusa da firij. Sunayen nan masu karya harshe kuwa, ko oho.

Loretta, abokiyar aikinsa, ta sha yi masa tayi. "Baba Delbert, zo mu yi bita mana."

"Ke yarinya, bar ni in ci burodina. Tun safe nake tsaye, ƙafar nan kamar ba tawa ba. Sai wata mai zuwa."

Gajiyar gaskiya ce, wallahi. Amma wata mai zuwa bai taɓa zuwa ba.

Sai da izinin ya kusa ƙarewa ya zauna jarrabawar. Ina! Kwamfuta ba ta tambayar launi. Suna take so, da lissafin awo. Ya faɗi, kuma kafin a ba shi damar sakewa wa'adin ya cika.

Mai kantin ya tausaya masa, ya mayar da shi gaban kantin, wurin jera sabulu da goge ƙasa.

Ran nan yana durƙushe da kwali, wata tsohuwa da ta saba da shi ta dafa kafaɗarsa. "Yauwa Delbert, ɗana! Layin nan ya yi mini tsawo, miƙo mini maganina."

Daga inda yake yana hango ledar maganin. Kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, Mama. Bari in kawo miki kujera."

Darasi: Iya aiki daban, cika sharaɗi daban, kuma wa'adi ba ya jiran wanda ya gaji. Ku tura wa duk mai cewa "sai wata mai zuwa".