Iskar Da Aka Ce Ba Ta Da Nauyi

Akwai wani jami'i a ofishin tsara gari na ƙaramar hukuma da mutane suka laƙaba wa suna Ta-Gilashi. Aikinsa shi ne ya je ya duba fili ko gini, ya faɗi abin da ya halatta a yi a wurin: gidan zama ne, shago ne, ko masana'anta. Abin da ya faɗa, shi kwamiti ke sa wa hannu.

Sunan kuwa aikinsa ne ya ja masa. Ba ya fita daga mota. Zai zo ya tsaya, inji na aiki, sanyin mota na kaɗa shi, ya leƙa ta gilashi hagu da dama, ya gyaɗa kai, ya ja motarsa. Shi ke nan, wai an duba wuri.

A cikin wuraren da ya duba haka akwai wani lungu mai mashiga ɗaya. Ƙarshensa katanga ce, kuma gangare ne, duk ruwan da aka zubar a bakin lungun sai ya gangara ciki. Wanda ya taka da ƙafa ya san haka. Na cikin mota bai sani ba.

A tsakiyar lungun akwai wani kango da ya daɗe ba kowa. Wata rana aka wayi gari an sa masa ƙofar ƙarfe, an girke ƙaton tanki fari, an jera tukwanen gas kamar 'yan makaranta a layi. Aka kafa allo a bakin ƙofar: an ba wani mai sayar da gas izini a ƙarƙashin "sana'o'i marasa nauyi".

Gidan da ke manne da kangon ta ciki na wata mata ne da ake kira Mai Ɗinki. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. Tana zaune da 'ya'yanta da mahaifinta, tsoho wanda ɓarin jikinsa ya shanye. A kan katifa yake kwana a ƙasa, tun ranar da ya faɗo daga gado.

Bangon kicin ɗinta shi ne bangon da tankin ya jingina da shi.

Ta ɗauki mayafinta ta tafi ofishin. Maƙwabcinta Mai Guga, wanda rumfarsa ke kallon ƙofar gidanta, ya raka ta. Suka yi zaman benci har ƙafa ta yi tsami kafin a ce su shiga.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Ɗinki, "murhuna da tankin nan bulo ɗaya ne a tsakaninsu. Ga tsoho a kwance, ba ya iya tashi. In wani abu ya faru ina zan sa kaina?"

Ta-Gilashi bai ɗago ba. "Ke me kike yi a gidan?"

"Ɗinki nake taɓawa."

"To, kin gani. Ke ma sana'a kike yi a gidan zama. Izinin da ya rufa miki asiri shi ya rufa masa. In na rufe shi, in haɗa da kekenki?"

Da keken nan take ciyar da gidan.

"Yallaɓai, allura ba ta kamawa da wuta," in ji Mai Guga. "Ni kuwa da garwashi nake aiki. Kullum ina fifita wuta, ga tanki yana kallona."

"Sai ka koma dutsen guga na lantarki, ka waye." Ta-Gilashi ya jingina da kujera. "Ku saurara. Doka ta ce sana'a marar nauyi. Me mutumin nan yake sayarwa? Iska. Baiwar Allah, faɗa mini abin da ya fi iska rashin nauyi a duniyar nan. In ta fita ma, sama za ta yi, ta bi 'yan uwanta."

Ma'aikatan ofishin suka kwashe da dariya. Har wani ya buga tebur.

Jama'a, bari in tsaya a nan. Wanda ya rubuta "marar nauyi" a dokar, nufinsa marar haɗari: aski, ɗinki, kantin kayan masarufi. Ɗan firamare ma zai gane. Ta-Gilashi ma ya gane. Ya dai ga kalmar tana da ƙofa biyu ne, sai ya bi ta wadda ta yi masa daɗi. Wasa da kalma a kan rayukan mutane ba wayo ba ne, zalunci ne.

Daga ranar Mai Ɗinki ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba.

Ta kwashe kayan girkinta daga kicin ta dawo da su bakin ƙofar gida. Kafin ta ƙyasta ashana sai ta tsaya ta shinshina, ta juya ta sake shinshinawa. Wani lokaci ta riƙe ashanar har ta fasa, yara su ci abin da ya kwana.

In an jefo tukunyar gas daga mota ta yi ƙara, sai ɗinkinta ya karkace. In yara sun dawo makaranta, ta hana su wasa a jikin bangon.

Tsohon yakan ɗaga hanci ya ce, "'Yar nan, warin mene ne wannan?"

"Kwata ce, Baba."

"Na girmi kwatar nan. Ba haka warinta yake ba."

Wata rana da hantsi ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, bari mu gwada wani abu." Ta zura hannayenta a hammatarsa ta ja. Ta kai shi bakin ƙofar ɗaki, a nan ƙarfinta ya ƙare. Suka zube tare.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Kin mai da ni buhu. Ai da kin faɗa mini tun jiya, da na rage cin abinci."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta kalli nisan da ke tsakanin ƙofar ɗakin da ƙofar baya, wadda ke fita wani titi, ta san cewa ita kaɗai ba za ta kai shi ba.

Mutanen lungu suka yi ta kai kuka har kwamiti ya gaji da ganinsu, ya ce Ta-Gilashi ya koma ya sake dubawa. Ya zo da rana tsaka, yara duk suna makaranta. Ya shigo lungun a hankali, ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya wuce har ƙarshe don ya juya motarsa.

Kafin ya gama juyawa, tankar da ke kawo gas ta shigo da baya-baya, ta tsaya a ƙofar kangon. Ta cike lungun daga bango zuwa bango, ko keke ba zai wuce ba.

Ya danna oda. Direban tankar ya ɗaga masa hannu, wato a yi haƙuri. Aka jona tiyo. Ta-Gilashi ya yi tsaki, ya ƙara sanyin mota, ya zauna jira.

Can sai aka ji wata ƙara kamar an yaga sabon yadi. Tiyon ya ɓalle daga bakin tankar, yana bulala a ƙasa, wani farin hayaƙi na feshi.

"Ya tsinke! Ku gudu! Kada a kunna komai!"

Direban da Mai Gas suka yi waje ta gaban tankar. Waɗanda ke bakin lungu suka bi su. Na ciki kuwa tanka ta rufe su.

Mai Guga bai tsaya tunani ba, ya juye bokitin ruwa a kan garwashinsa. Ya ruga wurin motar yana dukan gilashi da tafin hannu.

"Kashe motar! Yallaɓai, kashe motar!"

Ta-Gilashi ya yi masa alama da bayan hannu, irin ta korar mai roƙo.

"Wallahi in ba ka kashe ba, da mu da kai ba wanda za a gane gawarsa!"

Sai a lokacin ya sauke gilashin kaɗan. Warin ya doki hancinsa. Ya murza makulli, inji ya mutu. Mai Guga ya riga ya wuce, yana bin gidajen ɗaya ɓangaren yana buga ƙofofi, yana cewa a kashe wuta, a haura katanga.

Ta-Gilashi ya buɗe mota ya taka ƙasar lungun, karo na farko.

Iskar ba ta yi sama ba.

Kwance take a ƙasa, fara, tana rarrafowa da gangaren kamar ruwan wanki. Ta cika kwata, ta shige ƙarƙashin motarsa, ta lulluɓe takalmansa. Ya ji sanyinta a idon sawu. Gabansa tanka, bayansa katangar da ta fi ƙarfin tsallensa. Ya zaro waya, ya tuna an ce kada a kunna komai, ya tsaya riƙe da ita kamar ya riƙe kunama.

Ashana ɗaya. Makunnin fitila ɗaya. Ko wata tsohuwa da ba ta ji ihun ba ta ɗora tukunya. Abin da ya rage tsakaninsa da lahira ke nan.

Ya buga ƙofar farko, a kulle. Ya buga ta biyu, shiru. Ta uku ce ta buɗe tun bai taɓa ta ba.

Mai Ɗinki ce, ta toshe hanci da mayafi. Ta gane shi, shi ma ya gane ta.

"Shigo," ta ce. "Miƙe, akwai ƙofa ta baya. Ka zare sakatar a hankali, ƙarfe ce, kada ta goga."

Ya wuce ta da gudu. Ya zare sakatar, ya ga titi, ya ga mutane can nesa. Har ya sa ƙafa ɗaya a waje.

Sai ya ji tari daga cikin ɗaki, da wata murya ƙasa-ƙasa.

"Sake ni, 'yar nan. Ki tafi. Yara na makaranta, wa zai tarbe su?"

"Ba inda za ni, Baba."

"Na ce ki tafi! Yau kuma ni za ki yi wa gardama?"

Ya waiwaya. Tana durƙushe tana jan tsohon ta hammata, sun tsaya a bakin ƙofar ɗaki, daidai inda ƙarfinta ke ƙarewa. Iskar ta shigo ta magudanar ruwa, ta bazu a tsakar gida. Wanda ke tsaye, warinta kawai yake ji. Tsohon da fuskarsa ke kusa da ƙasa, ita yake shaƙa. Idanunsa sun fara juyewa.

Ba ta roƙe shi ba. Ta taɓa roƙonsa sau ɗaya a ofis, ta san amsar.

Ta-Gilashi ya dawo da ƙafarsa ciki. Ya durƙusa a cikin farar iskar, ta ɗora masa tsohon a baya. Ya yunƙura ya kasa. Ya sake yunƙurawa, ya miƙe. Takalminsa ɗaya ya zame, bai tsaya ba.

Suka fita titi. Suka yi ta tafiya, ba mai waiwaye, kowa na jiran ƙarar da za ta zo daga baya. Hannun tsohon da ya shanye yana reto a ƙirjinsa.

"Ɗana," in ji tsohon a kunnensa, "ka yi haƙuri. Ina da nauyi."

Ta-Gilashi ya buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

Allah Ya tsare, ƙarar ba ta zo ba. 'Yan kwana-kwana suka iso, suka rufe tankar, suka hana kowa shiga har iskar ta baje. Tsohon ya yi kwanaki a asibiti, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har yanzu.

A zaman kwamiti na gaba, Ta-Gilashi da bakinsa ya ce a soke izinin. Wani ɗan kwamiti ya tuna masa cewa ai shi ya ce iska ba ta da nauyi. Ya ce, "Na ɗauke ta a bayana." Aka kwashe tankin aka kai unguwar masana'antu, inda tun farko ya kamata a kai shi.

Mai Ɗinki ta mai da kayan girkinta kicin. Ranar farko ta zaro ashana, ta tsaya, ta shinshina. Tsohon ya jiyo shirunta daga ɗaki.

"Ƙyasta, 'yar nan," ya ce. "Yau dai kwata ce."

To, kada wani ya ce mini magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Da ba motarsa ce ta maƙale a lungun ba, da har yau tankin na nan. Lunguna nawa aka duba ta gilashi, waɗanda mai dubawar bai taɓa maƙalewa a cikinsu ba? A koma kowane ɗaya, a taka shi da ƙafa. A gyara kalmar nan a doka, a rubuta "marar haɗari" ɓaro-ɓaro, yadda ba mai sake samun ƙofa ta biyu. Kuma waɗanda suka yi dariya a ofishin, har da mai buga tebur, su je gidan su durƙusa a gaban katifar tsohon su ba shi haƙuri. Ba alfarma ba ce, haƙƙinsa ne.

Darasi: In an ba ka ikon faɗin abin da za a yi a jikin bangon wani, ka sauko ka tsaya inda yake tsaye kafin ka sa hannu, kuma kada ka mai da tsoron mai ƙaramin ƙarfi abin dariya, don ba ka san ranar da ƙofarsa ce kaɗai za ta buɗe maka ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana duba rayuwar mutane ta gilashi, ku tura wa maƙwabtanku, tun kafin a girke tanki a bayan kicin ɗinku.