Tukunyar da Ba Ta Karɓar Zuma

Ku gyara zama, na baya ma ku matso, misalin yau ba na yara kaɗai ba ne.

A wata ƙasa can bayan duwatsu akwai wani manomi mai suna Nomau. Yana da mata, Rahila, da wa guda ɗaya, Anaruwa. Da mahaifinsu ya rasu aka raba musu gona biyu. Amma itacen ɗorawar da ke tsakiyar rabon Nomau sai dattawa suka ce na Anaruwa ne, gama a al'adarsu ƙasa daban take, itace daban, kuma babban ɗa ke gadon itace. Kowace shekara iyalin Anaruwa sukan shigo su kaɗe ɗorawa su tafi da kalwa, a bar Nomau da inuwar da ta hana dawarsa yin kirki. Yana gaida wansa da fara'a, amma abin na cinsa a rai.

A kwana a tashi, Nomau ya haɗa dafi. Ya tatsi ruwan tinya, ya daka 'ya'yan kwankwani irin waɗanda maharba ke shafa wa kibiya, ya ƙara da wutsiyar kunama, ya dafa, ya ɗura a ƙahon bijimi, ya toshe da kaki. Nufinsa ranar gayya ya zuba a goran kunun wansa. Ranar ta zo, ya kasa. Maimakon ya zubar, sai ya binne ƙahon a ƙarƙashin rumbu, ya ce wata rana. Ƙahon ya shekara bakwai a wurin, ko matarsa ba ta sani ba.

Ana nan sai Rahila ta kamu da wata cuta da mutanen ƙasar ke kira bushewa. Daga tafin ƙafa take farawa, jiki ya ƙandare kamar itace, kullum tana hawa kaɗan kaɗan. In ta kai ƙirji, shi ke nan. Nomau yana son matarsa ƙwarai, tsoro ya kama shi.

A gindin dutse kuwa akwai wata tsohuwa mai haɗa magani. Kada wani ya koma gida ya ce yau an koyar da bokanci a aji, misali nake ba ku. Tsohuwar tana da wata baƙar tukunya da ba ta karɓar komai sai mugun abu. Tokar gidan da ya ƙone, hawayen gwauruwa, ƙayar da ta tsone idon wani, irin waɗannan take zubawa, ta yi ta tuƙawa har su juye su zama magani. Sharaɗinta ɗaya ne, dole abin ya fito daga gidan mara lafiya.

Nomau ya tafi wurinta da zuma da madara da farin gero, wai kada a ga gidansa da abin kunya. Tsohuwa ta dubi kayan ta yi dariya, ta tambaye shi ko biki ya zo. Ta zuba zumar don ya gani da idonsa, tukunya ko motsi ba ta yi ba. Ta ce ya koma ya kawo abu mafi muni da ke gidansa.

Ya rantse gidansa babu mugun abu. Kun san mutum da kare kai. Ya koma ya kamo wata kunama a bangon ɗaki ya kawo. Tukunya ta ɗan yi tururi ta lafa. Tsohuwa ta ce kunamar baƙuwa ce, wucewa take yi, ita abin da maigida ya ajiye da hannunsa take nema. A ranar nan cutar ta kai ƙugun Rahila.

Kashegari da asuba Nomau ya ɗauki fartanya ya tone ƙarƙashin rumbu. Tsohuwa ta karɓi ƙahon, ta sansana, ba ta ko ɓata fuska ba. Ta ce wannan zai yi. Sa'an nan ta tambaye shi, "Ɗana, wa ka dafa wa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yayana, Iya."

Ta ce, "To, wanda ya dafa shi ne zai zuba, wanda aka dafa dominsa shi ne zai tuƙa. In ba haka ba, dafi zai shiga, dafi zai fito."

Nomau ya roƙe ta ko akwai wata hanya, ko shi ya sha rabi ya mutu a madadin matarsa. Ta ce mutuwarsa ba za ta warkar da kowa ba.

Nomau ya karɓi ƙahon ya koma, ya tarar da Anaruwa a ƙofar gida yana saƙar zana. Ya durƙusa, ya ajiye ƙahon a tsakaninsu, ya faɗa masa kome, bai rage ba.  Anaruwa ya tambaya, wace gayya ce? Nomau ya faɗa. Anaruwa ya tuna ranar sarai, gama shi ne ya miƙa wa ƙanen nasa goran ya ce ya riƙe masa. Idonsa ya kawo ruwa, ransa ya ɓaci matuƙa. Ya tambaya ina cutar ta kai, aka ce ta wuce cibiya. Ya ajiye zanar, ya ɗauki sandarsa ya shige gaba, ƙanensa na biye, har gindin dutse.

Nomau ya zuba, Anaruwa ya kama muciya, dattijon da bai taɓa tuƙa ko tuwo ba. Baƙin hayaƙi ya taso mai yaji, ya shiga idonsu su biyun. Tsohuwa ta hana su kau da kai, ta kuma hana su sauri. Tun hantsi har rana ta karkata yana tuƙawa, hannunsa ya gaji, ƙanen ya tallafe masa gwiwar hannu. Sannu a hankali baƙin ya washe, ruwan ya koma garau. Rahila ta sha, a rana ta uku ta tashi ta share tsakar gidanta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take 'yan'uwan suka koma kamar da ba. Anaruwa ya yi shekara guda bai ci abincin gidan Nomau ba. Amma wata rana ya zo, ya zauna, ya wanke hannu.

Ga ma'anar misalin. Tukunyar nan alherin Ubangiji ce. Shi ne ya ɗauki gicciye, itacen kisa da wulakanci, ya mai da shi ceton duniya, don haka babu mugun abin da ya fi ƙarfin hannunsa. Zumar kuwa ita ce halinmu na ranar Lahadi, fararen kaya da waƙa mai daɗi. Ba laifi ba ne, amma ba su ne ke warkarwa ba. Kunamar ita ce ƙananan laifofin da muke furtawa don mu ɓoye babban. Ƙahon shi ne ƙiyayyar da ka binne ka ce ai ban aikata ba. Ubangiji ba ya ƙyamarta in ka kawo, daga cikinta ma yake fitar da tawali'u da jinƙai, har wani a gidanka ya sami rai.

Sai dai akwai abin da ba a gamawa tsakaninka da Allah kaɗai. In ka ƙulla wa mutum mugunta, sai ka je wurinsa. Kai kuma da za a zo a durƙusa a gabanka, an yarda ranka ya ɓaci, amma ka tuna akwai mai jiran hannunka kafin ya warke.

Na san waɗansunku tun ɗazu wani suna ke yawo a zuciyarsu. Wataƙila mai sunan yana zaune a bencin gabanka. Za mu yi addu'a yanzu, in an tashi kada ka bar shi ya riga ka fita.