Garin Boka a Motar Sa'idu

An yi wani mutum a nan Bronx, ba zan kama sunansa ba, don wasunku sun sha haɗa sahu da shi. Wansa, Sa'idu Balde, shi ya kawo shi ƙasar nan, ya koya masa tuƙi. Tasi ɗaya suke ja, wan da rana, ƙanen da dare.

Sai al'amura suka tsaya wa ƙanen cik. Fasinja ya yi wuya, tara kuwa kullum sai an rubuta masa. Wan yana ta samu abinsa. Tun ƙanen yana yi masa murna, har ya koma jin zafi.

Wata rana da la'asar yana cikin jirgin ƙasa zai je karɓar mota, wata mata ta bi kujeru tana ɗora wa kowa 'yar takarda a cinya. Kun san irinsu: Farfesa wane, mai gani har hanji, mai kwance abin da aka ɗaure. Kowa ya kakkaɓe tasa. Shi kuwa ya ninke ya sa aljihu, wai kada ya ɓata wuri. Ya 'yan uwa, yaushe mutumin Bronx ya fara tausayin mai shara?

Ya je wurin Farfesan. Bokan ya bar shi ya zazzage cikinsa tas, sannan ya sayar masa da maganarsa.

"Wa ke zama a kujerarka in ba ka nan? To, shi ya zaune maka arziki."

Ya ba shi wani jan gari, ya ce ya zuba a inda iskar ɗumi ke fitowa a motar, wanda ya shaƙa zai saki abin da ya riƙe.

Mutumin nan ya sani sarai wansa na da asma tun suna yara. Sau nawa shi da kansa ya ruga ya ɗauko masa maganin shaƙa? Amma ya ce wa ransa ai ɗan kaɗan ne, ya zuba garin.

Da safe ya miƙa makulli. Sa'idu ya dube shi ya ce, "Ƙanena, duk ka rame. Je ka kwanta, Allah zai buɗa."

Ranar ana sanyi. Sa'idu ya kunna ɗumi a kan gada, numfashinsa ya sarƙe, motar ta daki bango, ya rasu. Likitoci suka ce tsohon ciwonsa ne ya tashi, ba wanda ya ƙara tambaya.

Ƙanen aka sa ya yi wa gawar wanka, don shi ne mafi kusa. Har gobe matar mamacin, Hasatu, tana aika masa abinci duk Juma'a, tana ce wa marayunta su riƙe baffansu, ba su da kowa sai shi. Bai sake taɓa sitiyari ba. Abincin ma ba ya iya ci. Wanda zai roƙa gafara yana kabari, waɗanda ya cuta kuma addu'a suke masa, ya rasa bakin da zai ce su daina.

Ya 'yan uwa, abin da ban tausayi. Boka bai san gaibu ba, hassadar da ka je masa da ita yake juyawa ya ba ka. Wanda ya kai kukansa ga wanin Allah, da hannunsa zai rushe gidansu.

Allah ya kiyaye mu da shirka, ya wanke zukatanmu game da 'yan uwanmu, kada ya sa mu yi nadama ranar da ba ta da amfani. Amin.