Ranar da Tafkin Bebe Ya Yi Magana

A zamanin da, tun ana auna nisan gari da kwanakin jaki, an yi wani sarki ana ce masa Tunau. Birninsa yana gindin Duwatsun Zankaro ta yamma, duwatsun da suka miƙe daga kudu zuwa arewa, tafiyar kwana goma sha biyu. A bayansu ta gabas akwai wata ƙasa mai nata sarki. Tun kakanni, gidajen sarautar biyu suka yi alkawari a kan iyaka: duk ƙasar da ruwanta ya gangara yamma ta gidan su Tunau ce, wadda ruwanta ya gangara gabas kuma ta Sarkin Gabas ce.

Can a bisa, tsakanin kawunan duwatsun, akwai wani kwari mai faɗi wanda ciyawarsa ba ta bushewa rani da damina. A tsakiyarsa akwai tafki. Rafuka bakwai ne ke zuba a cikinsa, amma mutanen gindin dutse ba su taɓa sanin inda ruwan yake fita ba. Shi ya sa ake ce masa Bebe.

Ana nan sai aka yi fari shekara biyu a jere, shanun Gabas suka fara mutuwa. Sarkin Gabas ya aiko jakadansa, Barde Kosau. Jakadan ya faɗi gaban Sarki Tunau ya yi gaisuwa, sa'an nan ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ubangijina yana gaishe ka. Ya ce ruwan Bebe ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, ya ɓullo a idon ruwanmu. Saboda haka kwarin nasa ne bisa alkawari. Ya ba ka kwana arba'in ka kwashe mutanen da ke ciki. In ba haka ba, ya zo ya kwashe su da kansa."

Da aka kai jakada masauki, Sarki ya tara malamai ya tambaye su ina ruwan Bebe yake fita. Babban malamin fada, Malam Zailani, ya kawo labarin duwatsun Masar da na Sham, da tsawonsu da kogunansu, duk daga littattafai. Sarki ya saurara har ya gama, sa'an nan ya nuna ƙofa ya ce, "To, waɗancan da nake hangowa daga nan fa? Wa ya taɓa hawansu a cikinku?"

Ba a sami ko ɗaya ba.

Sai Waziri Anaruwa, dattijo mai jiki wanda ya ba sittin baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, kunyar nan tamu ce duka. Ka ba ni kwana goma in je in gani da idona."

Waziri ya nemi Madugu Barmo ya yi masa jagora. Shi Barmo bafatake ne da ya shekara talatin yana ƙetare duwatsun da gishiri da goro, kuma ƙasashen biyu duk sun yarda da gaskiyarsa. Rana ta fari suka ratsa gonakin gero da itatuwan kuka da ɗorawa. Rana ta biyu hanya ta gagari doki, Waziri ya sauka ya kama sanda. Suka shiga kurmin gora inda rana ba ta taɓa ƙasa, birai na bin su ta sama, ruwa na faɗowa daga kan dutse da ƙarar da sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi.

Madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, hadari daga kudu maso yamma yake zuwa. In ya iso nan sai dutse ya tare shi, ya sauke ruwansa a wannan gefe. Abin da ya rage ne ke ƙetarawa gabas. Shi ya sa ka ga nan kurmi, can kuwa ƙaya."

Rana ta uku Waziri ya waiwaya, sai ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. Da tsakar rana ya ƙara riga a kan riga saboda sanyi. Daga nan suka fito kan kwarin. Waziri ya tsaya ya ma manta da ciwon gwiwarsa. Ga gonaki hawa-hawa kamar matakala, an tokare kowace da ginin dutse, daga bakin tafki har inda ido ya gaza. Ga acca, ga gwaza, ga rizga, ga amya a kan kowane itace.

Aka kai shi wurin Tarana, tsohuwar da mutanen dutse ke kira Magajiya, wadda tarihinsu ke bakinta. Ya same ta tana sheƙar acca. Ya gaishe ta da ladabi, ya faɗa mata abin da ke tafe da shi.

Ta ce, "Ashe sai da za a kwashe mu fada ta tuna muna nan. Ka ga gonakin nan, Waziri? Kakanni bakwai suka gina su, dutse ɗaya bayan ɗaya. A wane kwando za a kwashe su?"

Waziri ya ce, "Iya, kin yi gaskiya. Ban zo kare laifinmu ba, na zo neman sani."

Ta dube shi jim kaɗan, sa'an nan ta kakkaɓe zanenta ta ce ya biyo ta. Ta kai shi bayan wani dutse a gefen tafki, ta ture kyauro da sandarta. Sai ga wata tsaga, ruwa na juyawa yana shigewa ciki ba ƙara.

Ta ce, "Wannan muke kira Maƙogwaro. Abin da ya haɗiye, a idon ruwan da ke cikin birninku yake fita."

Waziri ya ce, "Ji kika yi, ko gani?"

Ta ce, "Zamanin Nomau, kakan sarkinku, mayaƙan arewa suka kewaye birni wata uku, har mutane suka fara cin fatar takalmi. Wani mutuminmu ya sulale ciki ya ce wa Nomau, ranar da kuka ga ƙaiƙayi a idon ruwa, ku buɗe ƙofa da safe, mu kuma za mu faɗo wa abokan gaba ta baya. Ni na ɗauki ƙwaryar ƙaiƙayi ta fari, ina 'yar shekara bakwai. Kwana uku ya yi ya isa. Mazanmu ɗari uku suka sauka, sittin da uku ba su hawo ba. Ubana yana cikinsu."

Waziri ya sunkuyar da kai. Ya ce, "A littafin fada an rubuta cewa Nomau da dawakinsa kaɗai suka kori yaƙin."

Ta ce, "Mai rubutun bai hawo ya tambaya ba."

Waziri ya koma birni, ya gana da Sarki, sa'an nan aka kira Barde Kosau. Waziri ya ce, "Barde, maganarku da tamu duk zato ne, a tambayi tafkin da kansa. Madugu Barmo zai zuba ƙaiƙayi a inda ruwan yake shigewa. Kai ka zauna a idon ruwanku tare da Malam Zailani, mutanenka biyu su zauna a namu. Inda ƙaiƙayi ya ɓullo, kwari nasu ne."

Kosau ya amsa tun Waziri bai rufe baki ba. Waziri ya lura da saurin.

Ranar da aka sa, Madugu ya zuba ƙaiƙayi taiki arba'in a Maƙogwaro, ya gangaro birni tare da Tarana a kan jaki. Jama'a suka cika bakin idon ruwa. Kwana uku suka wuce, ruwa garau. Na huɗu ya wuce, na biyar ya bi shi. Mata suka fara ɗaure kaya, maƙera suka shiga gyaran masu. Sarki ya kira Waziri ya ce, "Anaruwa, ka ɗora ƙasata a kan maganar tsohuwa ɗaya."

Waziri ya ce, "Zaki, na ɗora ta a kan wadda ta gani. In na yi kuskure, ga wuyana."

Rana ta shida Barde Kosau ya shigo fada da kiɗa, ɗauke da ƙwarya rufe. Ya ce ƙaiƙayi ya ɓullo a Gabas tun rana ta biyu. Malam Zailani ya tabbatar cewa da hannunsa ya kwasa daga ruwan.

Sarki ya dubi ƙwaryar. Sa'an nan ya ce, "Alkawari kaya ne. In haka ne, ba zan ci amanar kakanni ba."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a bari Magajiya ta ga ƙwaryar tukuna."

Aka miƙa wa Tarana. Ta ɗebi kaɗan ta murza a tafin hannu, ta kai kusa da idonta. Ta ce, "Wannan na gero ne. Ranka ya daɗe, gero ba ya yi a bisa, sanyi ke kashe shi tun yana tsiro. Mu acca muke ci."

Sarki ya juya ga Madugu ya ce, "Me ka zuba?"

Madugu ya ce, "Ƙaiƙayin acca, ranka ya daɗe, taiki arba'in, daga masussukar mutanen dutse. Ko tsinken gero ban hau da shi ba."

Waziri ya ce, "Na ce ƙaiƙayi, Barde, ban ce na mene ne ba. Kai ne ka zaɓa."

Kosau ya daure ya ce, "Ko da haka ne, naku ma bai ɓullo ba. Ba ku da shaida."

Tarana ta ce, "Wancan karo da damina ne. Yanzu fari ya rage ruwan, tafiyarsa ta zama ta tsofaffi irina. A ƙara masa haƙuri."

Sarki ya sa aka kai shimfiɗarsa bakin idon ruwa, ya ce Barde ya zauna kusa da shi. Washegari da hantsi, wata mata ta tsoma tulunta, ta ɗago, ta tsaya tana kallon bakin tulun. Kafin a ce me, fuskar ruwan ta rufe da ƙaiƙayi siriri, yana ta ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse. Mutanen Kosau biyu ne suka fara kwasa, suka murza, suka ce na acca ne. Guɗa ta tashi daga bakin ruwa har ƙofar gari.

Kosau ya faɗi ya yi ta neman afuwa. Ya ce barorinsa ya sa suka cusa ƙaiƙayi a wata tsaga a saman idon ruwansu, ubangijinsa bai sani ba. Dogarai suka matso, Sarki ya ɗaga musu hannu. Ya ce, "Jakada ba a taɓa shi. Ka ɗauki ƙwarya biyu, ta gero da ta acca, ka kai wa sarkinka, Madugu zai raka ka ya faɗi yadda aka yi. Hukuncinka yana can."

Sa'an nan ya juya ga Tarana ya ce, "Iya, ƙaryar Barde ba ta hana shanunsu mutuwa ba. Kwarin naku ne kafin ya zama nawa. Me kika gani?"

Ta ce, "Ciyawa ta ishi kowa. Su hawo har ruwa ya sauka. Amma kada saniya ta taka gona, kada gatari ya taɓa itacen da ke kan rafi."

Haka aka rubuta, haka aka aika. Sarkin Gabas ya tuɓe Kosau, ya aiko da godiya da sabunta alkawari, aka mai da makamai ma'ajiyarsu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sarki Tunau ya tara fada da mutanen gari da na dutse. Ya sa aka kawo littafin tarihin gidansu, ya ce wa Malam Zailani ya buɗe wurin yaƙin Nomau, ya jiƙa alƙalami. Ya ce, "Iya, kin riƙe sunayensu?"

Ta ce, "Kowace shekara muna kiransu kafin mu sa lauje a gona."

Ya ce, "To, ki kira su a nan."

Tarana ta dafa sandarta ta fara. Da ta ambaci suna na fari, Sarki ya tashi daga karaga ya tsaya, fada duka ta miƙe. Tana kira, Malam yana rubutawa, daga cikin mutanen dutse kuma wani ya amsa, "Kakana ne." Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai da ta kai na sittin da uku ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, "Dogara, ɗan Bakutu, maƙeri. Ubana."

Sarki bai zauna ba sai da tawadar ta bushe.

Haka masu ba da labari suka karɓa daga na gabansu, haka muka isar, Allah shi ne masani.